Makullin Tsoho

Tsoho, ɗana,

Assalamu alaikum. Ya kake, ya wurin da kake? Allah ya sa da sauƙi. Mu lafiya lau a Tandabawi nan Makka, sai ƙafar nan tawa. Ƙanwarka Munira na gaishe ka.

Wayarka ba ta daina ƙara ba. Kullum ina sa mata caji. Munira ta ce mutane ne daga ƙasashe, kan abin nan da ka rubuta a kwamfuta ka bari kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya kawo gyara. Wai shi ke haɗa manhaja da rumbun bayanai. Na ce ban gane ba, ta ce kamar tiyo ne tsakanin tanki da famfo. To ashe aikin famfo kake yi nake ta maka faɗan ka tashi ka ci abinci.

Dukkansu da sunanka na yanka suke kiranka, sunan da ban taɓa faɗa ba don kai ne na fari. Ina sa Munira ta karanta min da ƙarfi.

Abin da ya tsorata ni, jiya wani ya turo gyara, sai ga amsa da sunanka, kana masa godiya, ka ce za ka duba. Kwanon hannuna ya faɗi. Wata bakwai da muka kai ka Harami aka sallace ka, Tsoho. Munira ta ce inji ne ka saita tun da. Na ji. Amma maganarka ce sak.

Allah ya kai haske kabarinka.
Ummanka, Hadijatu.

Tsoho,

Sallama da gaisuwa, ya kwanciya?

Wani Nawaf ya kira. A wani asibiti a Aziziyya yake aiki, da abinka suke ajiye sunayen marasa lafiya. Wai abin ya fara yar da wasu sunaye, ga Hajji ya matso. Sun yi gyaran, wata huɗu yana jiran amincewarka, injin kuma kullum cewa yake za ka duba. Sai da Munira ta gaya masa ka rasu, ya yi ta salati. Ba wanda zai iya shigar da gyaran sai da ɗan baƙin makullin nan na kwamfuta da ke jikin makullan motarka.

Na tambaye shi in na ba shi, amsar nan taka fa? Bai min ƙarya ba. Ya ce za su karɓi aikin su uku, saƙonni su koma wurinsu, amsar ta tsaya. Halas, shi ke nan.

Munira ta ce sadaka ce mai gudana, kar in tare maka ita. Na sani. Amma wa zai ƙara kiran sunanka a gidan nan?

Na ce ya zo bayan la'asar. Na ciro makullin, yana hannuna, har ya yi ɗumi. Yanzu wayar ta sake ƙara, ka sake cewa za ka duba. Uzair. Ka ga na rubuta. Ka yafe min in

Ana buga ƙofa