Batirin Oba-oba

Daren Laraba, bayan isha'i.

Yaya Hassi ta kusa tafiya lahira yau. A babban asibiti suka yi mata allurar fanisilin, nan take wuyanta ya kumbura. Ashe jikinta ba ya ɗauka, kuma malamin asibitin ƙauyenmu da ya tura mu ya sani sarai. An girka masa rediyon oba-oba don ya riƙa sanar da babban asibiti irin wannan ba tare da ƙona fetur ba, amma bai kira ba.

Na biyo motar Shagari na koma ƙauye na tare shi. Wai, "Yaro, mi kaka so in yi? Batir shina wurin 'yan jam'iyya, lasifika aka sa ma."

Ɗan banza! Gobe suna taro a Bodinga. Ko ɗan takararsu na tsakiyar magana, wallahi sai na ciro batirin nan.