Sawuna da Hancin Nyeleti

Litinin, 2 ga Satumba

'Yata Tinyiko ta sauka. Namiji! Don ɗoki har rubutuna ya karkace. Da malaminmu na ajin yamma zai gani, da ya sa ni sakewa. Mata sun hana ni shiga ɗakin sai cibiya ta faɗi, na tsaya bayan danga ina sauraren kukansa. Murya irin tawa sak. Matata Mijaji ta ce, "Tsoho, matsa mana, ka kafe a hanya kamar turmi." Na yanka akuya.

Uban yaron, Gezani, bai iso ba sai da yamma, yana warin kare.

Asabar, 14 ga Satumba

Sun sa masa sunana, Risimati. Na ɗauke shi, ya kama mini gemu. Na yi masa kirarin gidanmu har muryata ta dushe, na taka rawa a tsakar gida. Na ce masa, "Takwara, matata dai tawa ce, nemi taka."

Talata, 17 ga Satumba

Gezani ya zo ya durƙusa, hula a hannu. Na san da magana.

Wai 'yar karyar da yake horarwa a gandun daji ta saba da warin ma'aikata, duk sabulunsu ɗaya, takalminsu ɗaya. Suna neman mutumin ƙauye da zai shiga daji ya ɓuya, ita ta biyo shi. Ni ke nan. Ni da na tsufa ina bin sawun ɓarayin karkanda da idona a gandun nan, har aka kawo karnuka aka ce in je in huta. Yanzu ni ne abin farautar.

Na ce a'a. Ya ce, "Baba, wata mai zuwa za a jarraba ta. In ta faɗi za a mayar da ita, aikina ya ƙare. Sai dai in kwashi iyalina mu ƙetara iyaka zuwa birnin Joni neman abinci."

Joni. Ƙanena ya tafi can da ƙuruciya, ko kabarinsa ban sani ba.

Na ce zan je. Ban ce zan bari ta same ni ba.

Laraba, 18 ga Satumba

Na gan ta. Nyeleti sunanta, wai tauraruwa. Kunnuwa kamar tsumman goge tukunya, yawu na dalala, fuska kamar ta tsohuwar da aka yi wa mutuwa.

Suka goga ƙyalle a wuyana suka ƙulle a leda, suka ba ni busasshiyar hanta in ba ta in ta same ni. Na shiga daji. Na bi kan duwatsu, na yi tafiya da baya, na share sawuna da reshe, ko ni da kaina da na sha wuya kafin in gano. Na zauna gindin kuka ina shaƙar taba.

Taba ba ta gama sa ni atishawa ba sai ga ta, tana jan Gezani da doguwar igiya kamar jaki ya tsinke. Ta ɗora mini ƙafafu a ƙirji. Na ture ta.

Gezani yana haki ya ce, "Baba, yaba mata! Ba ta hantar!" Na jefar da busasshiyar hantar can cikin ciyawa. In yabi kare? Da furfurata?

Wai reshen da na riƙe ma ƙara mata wari ya yi. Sa'a ce kawai.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na bi cikin rafi. Ta same ni. Ko kallonta ban yi ba.

Laraba, 25 ga Satumba

Na ratsa garken shanu. Ta same ni, amma yau ba ta yi tsalle ba. Ta tsaya nesa tana kaɗa wutsiya a hankali. Na ce, "Tafi can, mummuna." Ta tafi.

Takwara ya fara bin fuskata da ido.

Laraba, 2 ga Oktoba

Na yi nasara! Na zauna cikin kwazazzabo har rana ta take, ba kare ba dalilinsa. Na dawo ina fito.

Na tarar da Gezani zaune a kan dutse, ya haɗa kai da gwiwa. Na ce, "Ina tauraruwar taka?" Ya ce ta bi sawuna daidai har bakin kwazazzabon, ta ɗaga kai ta shinshino ni, sai ta juya ta bi sawun wani ma'aikaci da ya gitta da safe. Shi in ta same shi birgima yake yi da ita a ƙasa.

"Ba ɓata kika yi mata ba, Baba," in ji shi, sai ya gyara, don bakinsa ya saba da yi wa karya magana. "Ba ɓata ka yi mata ba. Ta san inda kake. Zuwa wurinka ne ba ta so."

Ya ce ba don hanta take wannan wahala ba, don murnar da ake yi mata a ƙarshen sawu ne. In ta koyi cewa akwai sawun da ƙarshensa tsawa ce, za ta riƙa zaɓen wanda za ta bi. Ɓarawo kuwa ba ya tafa wa kowa.

Na ce wannan matsalarsu ce.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Bayan coci Mijaji ta dangwarar mini da tuwon masara, ba miya. Ta ce, "Ci nasararka da shi." Na ga Tinyiko tana wanke babbar jakar tafiya, ta shanya a kan danga inda zan gani.

Dukansu sun bi bayan kare.

Talata, 8 ga Oktoba

Manajan gandu ya ce ni zan ajiye sawun ranar jarrabawa, tunda ni na san dabarun ɓarayi. Gezani ya so ya roƙa a canza mutum, kunyar suruki ta hana shi. Ni ma ban ce a canza ba.

Ba zan sauƙaƙa mata ba. Jarrabawa jarrabawa ce.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ban sauƙaƙa ba, Allah shaida. Duwatsu, rafi, garken shanu, duk na haɗa mata. Na shiga kwazazzabon nan na zauna. Zafi kamar a tanda.

Can na ji hakinta. Ta tsaya a bakin kwazazzabo, daidai wurin rannan. Ta leƙo, muka haɗa ido. Harshe a waje, ƙafa ɗaya tana jini, ƙaya ta soke ta. Bayanta Gezani, fuska ba jini, bayansa matar da ta zo yi mata jarrabawar. Doka ta hana shi ce mata uffan, ni ma ta hana ni kira. Dole sai ta zo da kanta ta taɓa ni kafin a ce ta ci.

Ta juya kai wajen hanyar ma'aikata. Na tuna jakar nan a kan danga.

Ban kira ta ba. Fuskata ce dai ta saki, yadda take yi in an miƙo mini takwara. Wutsiya ta motsa. Ta gangaro a hankali, ta sa hancinta mai sanyi a tafin hannuna.

Abin da ya biyo baya, mutane suna ƙara masa gishiri.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ta ci. An sauke jaka daga danga, miya ta dawo.

Gezani yana ta yaɗawa wai na yi wa karya kirarin gidanmu, har na taka rawa a gaban baƙuwa. Ƙafata ce ta mutu don zama, nake buga ta. Kirarin kuwa baki ne ya saba.

Har yanzu ido ya fi hanci, haka na faɗa wa takwara, bai musa ba.

Litinin akwai aiki, sun kawo wani ɗan kwikwiyo. Na ce Mijaji ta ajiye mini hantar akuya. Ta tambaye ni ta wa. Na ce ta ajiye kawai.