Baba Ladan Ya Ƙi Cin Abinci

3 ga Nuwamba

Yaya Bilyaminu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Amina da yara. Na ba direban motar Madani wannan takarda, don a waya in ka ɗaga murya sai in rikice.

Yau kwana ashirin da sallamo Baba Ladan daga asibiti. Ka ce in riƙa ba ka labarin mahaifinka ba ƙari ba ragi, tunda ni 'yar ƙanensa ce, kuma ni na yi kwas ɗin jinyar gida. Komai yana cikin littafina.

Jininsa ya sauka. Ɓarin da ya shanye ya fara motsi. Na ƙara ɗaure igiyar angarib ɗinsa, gadonsa na saƙar igiya, don kada ya lotsa ya ji masa ciwo a baya, na kwashe tabarmin da ke iya harɗe ƙafa. Abinci ba gishiri, a kwanonsa daban, da cokali. Lokacin ci ina rufe ƙofa don kada surutu ya sa ya ƙware. Haka takardar ƙa'ida ta ce.

Sai dai ba ya ci. Cokali uku, ya juya fuska bango. Daga kilo hamsin da takwas ya koma hamsin da biyar. Na hau sikelin da kaina sau biyu ko shi ne ya lalace. Lafiyarsa lau. Wataƙila girkina ne.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Sakinatu

9 ga Nuwamba

Sakinatu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, sannu da ƙoƙari.

Na nuna wa likita takardarki. Ya ce in wata ya ƙare bai ƙaru ba, a kawo shi nan kusa da asibiti. Na gyara masa ɗaki a sama. Na san zai ƙi. Mutumin da ban da aikin hajji bai taɓa yin mako a wajen ƙauye ba, ya zai yi da bene? Amma in ya ƙi ɗaukar shi zan yi. Halas, magana ta ƙare.

Girkinki kuwa, na ci mulah ɗinki, miyar kuɓewar nan, ba ruwansa. Ki daina zargin kanki.

Yayanki, Bilyaminu

17 ga Nuwamba

Yaya Bilyaminu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Laifina ne, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin gano laifina kamar wannan karon ba.

Na bi littafina shafi shafi. Rana uku kaɗai na rubuta "kwano ya ƙare". Duk ranakun na tafi ɗebo ruwa, na dawo na tarar Baba Mati, abokinsa mai hawasha, wato gona, kusa da tashi, ya tura ƙofa ya shiga. Sai na ɗauka shi ke cinyewa. Na tare shi na ce:

"Baba Mati, abincin marar lafiya ne fa."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ke 'yar nan! Wannan abin naki da ko akuya za ta raina? Loma biyu nike yi don kunya. Ladan ke cinyewa."

"To me ya sa in ni ce ba ya ci?"

"Shekara sittin muna sa hannu a tire guda bakin ƙofar gidan nan. Ko a gonar auduga bai taɓa ci shi kaɗai ba. Kin rufe shi da cokali awa fursuna, kina tsaye kansa da biro!"

Baba Ladan ya ce daga kan gado, "Gaya mata, Mati. Ni na ji nauyin ta."

Yaya, ni ma a gidan nan na girma. Sau nawa na kai tiren nan waje? Amma takarda ta rufe mini ido.

Ban yar da ƙa'ida ba, na fito da ita waje ne. Na sa an cike dokin ƙofa da ƙasa ya zama gangara. Mutum biyu ke riƙe shi, ya zauna a kujera mai hannu, bayansa a miƙe. Kowa sai ya wanke hannu da sabulu a gabana. Kisra, gurasar dawa, ina jiƙa ta sosai. Sharaɗi guda: tiren duka ba gishiri.

Tsofaffi biyar ke zuwa. Ɗayansu, Baba Gambo, ya ce, "Ya salam! Ladan ke ciwo, mu ke shan magani." Jiya na kama shi da ƙullin gishiri a aljihu. Ya rantse na rago ne. Na karɓe. Baba Ladan ya yi dariya har na tsorata, na matso da ruwa, ya kore ni da hannu.

Ya ƙaru da rabin kilo. Ban sani ba ko zai isa kafin wata ya ƙare. Ko na makara?

Ka gaida Amina.
Sakinatu

30 ga Nuwamba

Bilyaminu,

Ubanka ne ke magana, Sakinatu ke rubutawa. Ina gaishe ka.

An aza ni kan abin awo gaban shaidu biyar. Hamsin da bakwai. Ta ce in ƙara maka "da kwata", na ƙara.

Ɗakin benen nan ka ba baƙi. Ka zo ranar Juma'a kafin azahar, da yunwarka. Ba inda za ni.

Allah shi yi maka albarka.
Ladan