Kafin a Kawo Shinkafa

Dimaro, tsibirin Sukutra,
6 ga Nuwamba.

Zuwa ga aminina Dakhil ɗan Jum'an, a Salala.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Ummu Nasir da yara, da kuma bayan nan naka da ka ce kwandunan kifi sun fara lanƙwasawa. Mu nan lafiya lau. Iska ta kwanta, teku ta buɗe, sukari ya dawo kanti. Jiya na je gaida Inna Ghaliya, mahaifiyarka. Ta ce in gaya maka ƙafarta da sauƙi. Na isar da saƙo, amma na ga yadda take dafa bango kafin ta miƙe.

Ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami: jirgi zai zo. Ba na siminti ba, ba na sojoji ba, jirgin masu yawon buɗe ido, irin na da. Wani ƙaramin kamfani ne ya rubuto wa mai garinmu, Shaihu Ghanim, cewa za su tsaya a gaɓarmu ranar ashirin ga Janairu da mutum ɗari da ashirin. Sau uku Shaihu ya sa na karanta masa takardar. A na ukun na ce masa, "Ranka ya daɗe, ko sau goma na karanta, adadin ba zai ƙaru ba." Ya ce, "Karanta dai, Ustaz, ba don haka muka kai ka makaranta ba?"

Shekara goma sha uku ke nan rabonmu da jin ƙahon jirgi. Ka tuna yadda yake? Ana idar da sallar asuba sai a ga wani farin gari tsaye a teku bayan duwatsun murjani, kafin rana ta ɗaga mata sun jera kaskon turare da zuma da lubban a kan yashi. Turawa su sauko farare, su koma jajaye kamar jatan lande. Su ɗauki hoton akuya, su ɗauki hoton bishiya, su ɗauki hoton Baffa Jum'an, mahaifinka, yana harararsu. A shekara mai kyau jirage takwas muke gani. Ni kuma tafinta, ina tafe gaba da farar riga, ina jin kamar ni na halicci tsibirin. Duk wanda ya gama karanta littafinsa a jirgi ni yake bar wa, shi ya sa ɗakina ya cika da littattafan da gishirin teku ya kumbura. Na san titunan garuruwan da ba zan taɓa takawa ba, amma har yau ban iya ɗaure ƙugiya ba.

Yanzu banɗakin da kamfanin jirage ya gina wa baƙi awaki ne ke kwana a ciki, sun kuma fi Turawa kula da shi. Allon maraba da na rubuta da hannuna rana ta cinye rabinsa. Mutanen Hadibo, babban garin tsibirin, suna cewa 'yan fashin teku ne suka kori jirage, wasu su ce yaƙi. Mu a Dimaro ka san wanda muka zaɓa mu ɗora wa, domin ɗan fashi ba ya zuwa masallacinmu balle a harare shi.

To, ga matsalar. Jirgin ba zai iya matsowa ba, dole kwale-kwale ya shigo da baƙi ta mashigar murjani, mai lanƙwasa biyun nan. Samarin yanzu suna bi da ƙananan kwale-kwalensu, amma babu wanda ya taɓa ratsawa da mutum talatin a ciki. Mahaifinka ya rasu, saura kai. Shaihu ya ce in rubuto maka "da irin kalmomin nan naka masu santsi." Ba zan yi maka santsi ba. Ka dawo gida, Dakhil, ko na wata ɗaya ne. Innarka ba za ta roƙe ka ba, ka san halinta.

Maiɗakina Ruwaida tana gaishe ku. Ta aiko da dabino ta hannun mai kawo wannan takarda, ka ƙirga idan ya iso, na san shi.

Naka har kullum,
Tammam.

Dimaro,
2 ga Disamba.

Aminina Dakhil,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Allah ya sa zazzaɓin Nasir ya sauka.

Amsarka ta iso. Layi huɗu, har da gaisuwa. Ka ce waɗanda suka ce idon mahaifinka ya mutu su shigo da baƙinsu da nasu idanun masu rai. Ka ce ba za ka taka Dimaro ba muddin ana kiran dutsen nan na bakin mashiga "dutsen Jum'an". Ban kai wa Shaihu amsar yadda take ba. Na ce masa kana nazari. Ka ga, har yanzu ban daina aikina ba.

Akwai abin da ya kamata in gaya maka tun shekara goma sha uku. Ranar kana bakin ruwa kana gadin kwale-kwale na biyu, ba ka ga abin da ya faru a ƙofar Shaihu ba.

Ka san tsarin cin abincinmu, amma bari in faɗa, don ka ga inda lokacin ya tafi. An yanka awaki bakwai. Aka fara kawo ƙasusuwa, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo mai daraja, aka ajiye duwatsun fasawa. Turawa suka dubi ƙashi, suka dube ni. Na nuna musu yadda ake fasawa a tsotse ɓargo, aka yi ta dariya, awa ɗaya ta wuce. Sannan nama. Sannan a jira shinkafa, wadda sai an sauke nama ake dafa ta a romonsa. Baƙo kuwa ba ya tashi kafin shinkafa. Wanda ya bar baƙonsa ya tashi da ƙashi da nama kawai, jikokinsa ma sai sun ji gorin.

Ana cikin nama mahaifinka ya hauro daga gaɓa, zanensa a jiƙe. Ya tsaya a gefen tabarma ya yafuto ni. Ya ce, "Ustaz, ruwa ya fara janyewa. Ka ce su tashi." Na gaya wa Shaihu a kunne. Bai ko juyo ba, ya ce, "A gidana? Kafin shinkafa?"

Matar da ke jagorantar baƙin ta ga mahaifinka, ta ga fuskarsa, ta tambaye ni me ya ce. Dakhil, ni kaɗai ne a wurin mai jin harsunan biyu. Na dubi Shaihu, na dubi tukwane, na ce mata, "Ya ce akwai sauran lokaci."

Ya sake dawowa bayan rabin awa. Wannan karon bai rage murya ba. Ya ce mini, "Ɗan Hadid, teku ba ta cin shinkafa. In aka yi la'asar a nan, ba ni da hanyar da zan bi da su." Matar ta sake tambaya. Na ce mata yana yi musu barka da zuwa. Har ta ɗaga masa hannu tana murmushi.

Sauran ka sani, kana bayansa. An tashi bayan la'asar, ruwa ya yi ƙasa, kwale-kwalensa ya hau dutse da mutum talatin. Ba wanda ya mutu, sai tsohon Baturen nan da ya karye a ƙugu, jirgi kuma ya rasa tasharsa ta gaba. Da kyaftin ya nemi bayani a rubuce, ni na rubuta. Na sa cewa matuƙin ya tsufa, ganinsa ya ragu. Turancin ya yi kyau ƙwarai, na tuna har na yaba wa kaina. Kamfani ya cire sunanmu daga jerinsa, sauran suka bi.

Me ya sa na yi? Na daɗe ina ba kaina amsoshi masu kyau: mutuncin gari, haƙƙin baƙo, girman Shaihu. Gaskiyar ta fi haka ƙanƙanta. A kan tabarmar nan ina zaune kusa da Shaihu, Turawa suna kirana da sunana, ba na so a tashi. Mahaifinka masunci ne, na san ba zai iya karanta abin da na rubuta ba, na kuma san ba wanda zai tambaye shi.

Shekara biyar ya yi bayan haka. Kullum na wuce yana gyaran taru sai ya ce, "Ustaz, yaya littattafai?" In ce lafiya lau, Baffa. Ni na riƙe ƙafar makararsa ta dama, kai ta hagu.

Ban rubuto don ka yafe mini ba, ko da yake ba zan ƙi ba. Na rubuto ne don ka san idon mahaifinka lafiyarsa ƙalau har ya koma ga Allah. In wannan zai dawo da kai, ka zo ka faɗa a gaban kowa, ni zan tsaya in ce haka ne.

Wanda bai cancanci sunan ba,
amininka Tammam.

Dimaro,
29 ga Janairu.

Dakhil,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ba ka amsa ba, ban kuma ga laifinka ba. Sau biyu jirgin Salala yana zuwa ina tsayawa a baya kamar mai jiran kaya.

Jirgin baƙin ya zo ranar da ya ce. Ya fi na da ƙanƙanta, ko kuma ni ne na girma. Tun da hantsi an yanka awaki tara, mata sun jera kaskonsu, wasu kaskon tun na wancan zamanin ne, aka goge musu ƙura. Kyaftin ya kira ta oba-oba yana tambayar halin mashiga. Na tambayi masunta, suka ce ruwa zai fara janyewa da azahar, iska kuma tana juyawa. Shaihu ya ce, "Ka ce musu maraba, gida nasu ne."

Na ce wa kyaftin maraba, gida nasu ne. Sannan na ƙara da cewa wanda ya san mashigar ba ya nan, ruwa zai gudu da azahar, mu kuma ba za mu sake su ba sai sun ci shinkafa, shinkafa kuwa sai la'asar. Ya yi dariya, ya gode mini. Jirgin ya yi awa ɗaya yana shawagi, muna hango mutane a sama suna ɗaukar hotonmu kamar tsuntsaye. Ya busa ƙaho sau uku, ya juya.

Awaki tara ba sa komawa cikin fatarsu, don haka gari ya zauna ci. Ana fasa ƙashi Shaihu ya ce, "Ustaz, na ce ka faɗi kalma huɗu, na ji ka yi huɗuba." Sai na miƙe. Na faɗi abin da na gaya wa kyaftin, na kuma faɗi na shekara goma sha uku, duka, har da takardar. Na shirya jawabin tun Disamba, da gabatarwa da kammalawa. Na zaci za a yi salati, ko wani ya jefe ni da dutsen fasa ƙashi.

Ba wanda ya daina tauna. Tsoho Sa'dun mai gishiri ya tsotse ɓargonsa ya ce, "Kai, Ustaz, zauna ƙashinka na hucewa. Wa ka ga bai sani ba? Jum'an ya zo yana ihu a kanmu, kurame ne mu? Turanci ne ba mu ji, amma mun ga matar tana murmushi." Wani daga baya ya ce, "Ashe Ustaz sirri yake riƙe mana. Sannu da ɗawainiya." Aka yi 'yar dariya, ba mai daɗi ba, ta mutu da wuri.

Ka ji, Dakhil. Na yi shekara goma sha uku ina ɗauke da abin da kowa ke da irinsa a gida. Duk mun ci shinkafar nan, duk mun san wanda ya fi sauƙin ɗora wa.

Shaihu ya ci gaba da fasa ƙashinsa. Amma ranar Juma'a bayan sallah ya tashi da sandarsa, ya ce Jum'an ya yi gargaɗi sau biyu, shi ne ya hana a tashi, duk wanda ya sake laƙaba wa dutsen nan sunan mamaci shi da shi ne. Ya sa liman ya yi addu'a. Daga nan ya taka har ƙofar gidanku, abin da bai taɓa yi ba, ni ina biye.

Inna Ghaliya ta saurare shi ta bayan labule har ya gama. Ta ce, "Na ji, Shaihu. Allah ya ba da lada." Da ya tafi ta ce in shigo. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta ce mahaifinka ya sani tun ranar. Ta ce ta sha ce masa ya je ya kama ni a gaban mutane, sai ya ce, "Ƙyale shi, mai karatu ne, sai ya kai ƙarshen littafi yake magana."



Na ce mata yanzu ai sai ka dawo, tunda an wanke sunan. Ta dube ni kamar yadda ake duban ɗalibin da aka maimaita wa darasi sau uku. Ta ce, "Ɗana, kana tsammanin daɗin Dimaro ne ya zaunar da ni, jikokina suna girma a wani gari ban san muryarsu ba? Na zauna ne don kada a ce iyalin Jum'an sun gudu da kunya. Yanzu an faɗa a masallaci. Ka nemo mini wuri a jirgin Salala."

Na nema. Za ta taso ranar Laraba, in teku ta yarda, za su iso Juma'a da safe. Kayanta akwati ɗaya ne da tarun mahaifinka, ta ƙi barinsa. Ka zo da mota har bakin ruwa, kada ka yarda in ta ce za ta iya takawa. Maganin ƙafarta yana cikin jakar hannu, sau biyu a rana, bayan abinci.

Ta ba ni mabuɗin gidan, ta ce in riƙa buɗe tagogi in iska ta kwanta. Na karɓa. Na yi niyyar dawo da mutum ɗaya gidan nan, ga shi ni zan kulle shi.

Ka gaida Ummu Nasir da yara. Allah ya jiƙan Baffa.

Tammam ɗan Hadid.