Damin Geron da Ka Hana Inna Kaiwa

Zuwa ga Yaya Sanusi, a Yamai ko duk inda taro ya kai ka.

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Na rubuta a nan shafinka na intanet inda mabiyanka ke karantawa ne, domin wayarka kullum tana cikin taro, amma na lura abin da aka faɗa a bainar jama'a kana saurin amsa shi.

Mun yi alfahari da kai, Yaya, ba zan ɓoye ba. Kana mushe, kana koyarwa a lakwal ɗin Mallawa, ka shiga sandika, ƙungiyar ƙwadagon malamai, daga nan ka kafa ƙungiyar kare manoma a Dungas, kana yawo a moto ƙauye-ƙauye kana gaya wa mata cewa gado haƙƙinsu ne a addini, ba alfarma ba. Ni nake wanke maka rigunan yawon nan, ina jin kamar da ni ake yi. Kafin mu ankara ka zama konseye a meri, wato kansila a majalisar gari, sai ƙungiyar Damagaram, sai ta Yamai, sai wata ta ƙasashen waje da ko sunanta bakina ba ya iya faɗa.

Ka san gonar Inna ta bakin tafki a Dogo-Dogo. Da kakanmu ya rasu, yayanta Kawu Idi bai raba gado ba, sai ya nuna mata wani gefe ya ce ta noma. Kowace kaka takan aika masa da damin gero, yadda mai aron gona ke yi. Ita zumunci take kiran abin. Da wannan gona ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba.

Kai ka zo ka ce damin nan shi ne shaidar cewa gonar ba tata ba ce. Kuma gaskiyarka ce, shi ya sa abin yake ƙara ci mini rai. Ka ce ta daina, domin ba za ka iya hana matan wasu kai dami ba alhali uwarka tana kaiwa. Ta ce maka, "Ɗan nan, Yaya Idi ba ya son a kunyata shi." Ka rantse cewa ranar da za a zauna gaban mai gari kana gefenta.

Damin bai tafi ba. Ruwan farko na sauka muka isa gona da iri, muka tarar 'ya'yan Kawu sun shuke ta iyaka zuwa iyaka. Inna ta daɗe tsaye da ƙwaryar irinta, sannan ta ce mu koma gida. Ka san ba a tuge wa mutum shuka, sai a jira kaka.

Ranar zama ka aiko cewa an kira ka Yamai. Mai gari ya ce wanda ya tada maganar ya zo ya ƙarasa ta. Aka ɗage, ana ta ɗagewa har yau. Inna tana noma ɗan gefen gonar mijina, tana jin kunyar surukinta a kowace loma. Ta rasa gona, ta rasa ɗan'uwa, domin Kawu bai sake amsa gaisuwarta ba.

Kwanan baya muka ji ka a rediyo. Ka ce a gidanku aka fara, mahaifiyarka ce mace ta farko da ta ƙi kai dami, mai shirin yana ta jinjina maka. Ba ka faɗi yadda aka ƙare ba. Na ji kamar in jefa rediyon a rijiya. Inna kuwa tana tsintar wake, abin da ta ce kawai, "Muryarsa ta yi kauri, yana samun abinci."

Kawu ya rasu, ina jin labarin ya same ka. Bayan sadakar arba'in 'ya'yansa za su raba gado, har da gonar Inna, kuma wani ɗan kasuwa daga Magariya ya riga ya zo ya zagaya ta. Mai gari ya ce zai saurara idan ka zo da kanka. Mota tana tashi kullum, hanyar ba ta canja ba.

Duk da haka ina kewarka, Yaya. Kai ne kake goya ni mu haye tafkin nan da damina, kana ce mini in riƙe wuyanka da kyau ba za ka sake ni ba. Inna ba ta san na rubuta ba. Da ta sani da ta yi mini faɗa, ta ce ina tona maka asiri.

Idan ba za ka zo ba, roƙona ɗaya ne: ka cire ta daga jawabinka. Ka nemi wata uwar da ta ci nasara ka ba da labarinta.

Allah ya jiƙan Baba da Kawu, ya ƙara wa Inna haƙuri da tsawon rai. Allah ya tsare mana kai a tafiye-tafiyenka, ya juyo da ƙafarka gida kafin a ja igiyar rabo a gonar nan. Amin.

Ƙanwarka,
Rabi, daga Dogo-Dogo.