Muryarka Tana Cikin Rumbu

Zuwa ga yayana, marigayi Ya Sabo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da addu'a daga ƙanwarka Bilki. Mutanen gida duk lafiya. Na zo ne in gaya maka wani sakaci da na yi.

Kana tune da tsohuwar kwamfutar nan da ka raɗa wa suna Rumbu? Wadda ka ɗora a kan bulo huɗu a shagon ƙofar gida, don kar ruwa ya taɓa ta idan kogin Hadejia ya yi ambaliya. Ka ja waya daga gare ta har gidan su Habu maƙwabcinmu, duk wanda ya jona sai ya kwashi abin da yake so.

A lokacin babu mai data. In ka ci ƙwallo mai kyau a gem, wasan bidiyon nan, ni kake kira in saita kyamarar wayarka a fuskar talabijin, kai kuma kana sharhi kamar ɗan rediyo. Hoton dishi-dishi, hannuna na rawa, kana cewa, "Bilki, riƙe da kyau, tarihi ake yi." Samari har daga Malam Madori suke zuwa da memori, su ɗauki bidiyonka daga Rumbu su zuba nasu. Kai kaɗai ka ɗauki abin da girma, mu dariya muke yi maka.

Bayan addu'ar arba'in ɗinka, Inna ta fitar da kayanka sadaka. Riguna, takalma, keke. Ta ce Rumbu a kai ta Islamiyyar unguwa, ladan ya riƙa isa gare ka. Ta tambaye ni, wallahi ta tambaye ni, ko akwai abin da nake so a ciki. Na ce zan je in kwafa daga baya. Sati uku ban iya bin ta layin ba.

Ranar da na je, malamin ya tare ni da murna. Ya sa an goge komai an zuba wa ɗalibai karatun Alƙur'ani. Ya ce ai wasanni ne kawai ya gani. Da wa zan yi faɗa? Na yi masa godiya, na fito ina kuka a titi kamar yarinya.

Na bi abokanka ɗaya bayan ɗaya. Habu ya ce memorinsa ta ƙone. Wani ya ce tasa ta faɗa ruwa wajen kamun kifi. Babu ko guntu.

'Yarka Hafsatu, da ka bari a cikin mahaifiyarta, ta isa tambaya yanzu. Hotonka ta san shi, muryarka take nema. Shekaranjiya ta matsa min, sai na gyara zama na kwaikwayi sharhinka. Ta yi ta dariya, ta ce in sake. Na sake, amma na ji bai yi daidai da na farko ba. Na rasa wanne ne naka. Ya Sabo, ni ma muryar ta fara ɓace min, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo.

Ka yafe min. Allah ya sa duk harafin da aka karanta a kwamfutar nan ya zame maka haske a kabari. Ya raya Hafsatu, ya haɗa ku a Aljanna ta ji ka da kunnenta.

Taka ƙanwa,
Bilki