Koriyar Hula a Gurbi na Biyar

Zuwa ga Namakau, ruwan farkon damina a busasshiyar gonata, inuwar mangwaron da nake fakewa, ke da muryarki ta fi mini kukan tsuntsayen bakin Zambezi daɗi.

Ya jikin? Yayarki Inonge ta gaya mini komai. Maganin ya zubar miki da gashi, kin rame, likitocin Lusaka sun daina yi mata dogon bayani. Ta ce kuma kin hana a bar ni in shigo ɗakinki na asibiti, wai ba kya so in gan ki a haka. Haba Namakau, ni? Ni za ki rufe wa ƙofa?

Ko kin manta yadda kika tsince ni? A cikin wasan nan namu na intanet, a bakin gadar garin farko, ina sabon shiga, dodanni sun tuɓe jarumina tsaf. Kika tsaya kika warkar da shi, kika zazzage mini tarkacen jakarki: koriyar hula mai idanun kwaɗo, takalman masunta, da garkuwar katako wadda ko ɓera ba za ta tare ba. Kika yi ta dariya a kunnena ta layin maganar wasan har tuwon nshima ya shaƙe ki. Kika ce in adana wannan shigar, don ko cikin mutum dubu ki gane wawanki. A ranar na adana ta a gurbi na biyar.

Kin san gurbi biyar kacal wasan ke ba mutum na ajiye shiga, kuma kayan nan an daina fitar da su. Gurbin ne kaɗai ke riƙe da su, in na ɗora wata shiga a kai sun tafi ke nan. Sauran huɗun duk cike suke da kayan yaƙi. Sikota, shugaban ƙungiyarmu ta wasan, ya matsa in sa kayan kariya daga wuta a wurin. Na ƙi. Ranar Asabar muna yaƙi da wani dodo, macijin dutse, ya feso wuta, kowa ya danna ya sauya shiga, ni babu abin dannawa. Na ƙone ƙurmus, sauran suka zube a bayana. Sikota ya zage ni tas, ya ce ko in share tsummokaran kwaɗo ko in nemi wata ƙungiya. Na bar masa kayarsa.

Tun daga nan ba na zuwa yaƙi. In na taso daga aiki sai in shiga wasan, in sa hular in tsaya a bakin gadar, ina duban sunanki a gefen allo, ya dushe kamar toka, alamar ba ki shigo ba. 'Yan wasa suna wucewa suna mini tsiya. Tsoro nake ji, Namakau, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba. Ina tsoron kullum in ce gobe, sai wayar Inonge ta shigo.

Farin watana, sanyin idona, gashinki na so? Muryarki na fara sani, na yi wata da watanni ina son ki kafin in ga fuskarki. Ke kin gan ni a mafi munin shigar da aka taɓa yi, kika ce in adana ta. Yaya za ki hana ni ganin taki?

Na sayi koriyar hula a kasuwar Chisokone, tela ya ɗinka mata idanun kwaɗo, yana yi yana kallona kamar mahaukaci. Ranar Juma'a zan hau motar safe daga nan Kitwe zuwa Lusaka. Ba zan tura ƙofarki ba sai kin ce in shigo. Zan tsaya a filin asibitin, daidai tagarki, cikin masu zuwa dubiya, rana ko ruwa. In ƙarfin tashi ya gagara, Inonge ta tallafe ki. Ki leƙo kawai, za ki gane ni.

Naki ne ni a yau, naki ne bayan duk abin da likitoci za su faɗa, gurbin nan kuwa ba mai shiga shi muddin ina numfashi.

Wawanki,
Kaluba